Kada Ka Yi Cinikin Biri a Sama

 Ɗana, ka ara mini kunnenka na ɗan lokaci.

Labari ya iso mini cewa ƙungiyarku ta 'yan kasuwa ta ɗora maka ɗawainiyar tafiye-tafiyenta. Masu zuwa Legas sarin kaya suna wuyanka. Masu niyyar Umara cikin azumi su ma suna wuyanka. Na kuma ji kana shirin zuwa wurin kamfanin jirgin sama, ka ce za ka sayi tikiti masu yawa a tashi ɗaya, ka biya tun yanzu, su kuma su yi maka ragi. Tunanin ya yi kyau. Yaron da ya damu da rage wa jama'a kashe kuɗi, ai ɗan albarka ne. Sai dai akwai 'yan abubuwa da nake so ka riƙe kafin ka ɗauki kuɗin mutane ka nufi ofis.

Na san abin da ya sa maganar ta taso a wannan lokaci. Mu mutanen Minna mun daɗe muna kallon filin jirginmu na Maikunkele kamar ba namu ba. Wanda zai hau jirgi sai ya yi sammako, ya bi ta Paiko da Lambata ya faɗa Suleja, sannan ya nufi filin jirgin Abuja. Wanda ya san wannan hanya da tankokinta da tireloli ya san gajiyar da ake kwasa tun kafin a ga jirgin. A watan Maris na 2024 aka buɗe filin bayan an yi masa gyara, aka sa masa sunan Shugaba Bola Ahmed Tinubu. A watan Afrilu na 2025 kuma kamfanin Overland ya fara sauka da tashi tsakanin Minna da Legas da Abuja. To, garin da ke da hedikwatar NECO, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya, ga 'yan Kasuwar Kure da ba sa rabo da hanya, ba abin mamaki ba ne a fara tunanin sayen tikiti a sari.

Kuma ana yi, kada wani ya ce maka ba a yi. Kamfanonin jirage suna da tsarin sayar wa rukuni, yawanci daga mutum 10 zuwa sama, idan za su hau jirgi ɗaya a rana ɗaya. Suna kuma ƙulla yarjejeniya da ma'aikatu da kamfanonin da ma'aikatansu ke yawan tafiya a cikin shekara. Wanda jama'arsa suka kai su cika jirgi kuwa, shatarsa yake ɗauka gaba ɗaya. Babban misali a ƙasar nan shi ne jigilar alhazai. Hukumar NAHCON, wadda aka kafa da doka a 2006, ita ce ke zama da kamfanoni irin su Max Air da Flynas da Air Peace, a daidaita kan kuɗin ɗaukar dubban maniyyata. Abin da kake son yi ƙanin wancan ne.

Bari in fara da yadda mai jirgi yake tunani, don ba a ciniki da mutum sai an san abin da ke hana shi barci.

Ka san cinikin doya. Idan ka je kasuwar Gwada ko Paiko ka ce ƙwarya biyar kake so, farashin da za a ba ka ya bambanta da na mai sayen ƙwaya uku ta miya da sakwara. Idan kuma kasuwa ta ƙi, mai doya zai mayar da abarsa gida, ya dawo da ita kasuwa mai zuwa. Mai jirgi ba shi da wannan gata. Da zarar an rufe ƙofa jirgi ya ɗaga, kujerar da ba kowa a kanta ta tafi ke nan, ba za a ƙara sayar da ita ba har abada. Man da zai sha kusan ɗaya ne. Albashin matuƙi bai ragu ba. Saboda haka abin da yake tsoro shi ne tashi da kujeru wayam. Wannan tsoron nasa shi ne ƙofar da za ka shiga ta cikinta.

Amma yana da wani tsoron na biyu. Yana tsoron ya sayar maka da kujera da araha yau, gobe wani ya zo da gaggawa, a shirye ya biya ninkin kuɗin, ya tarar babu wuri. Shi ya sa kujerun jirgi ɗaya ba farashinsu ɗaya ba. An jera su hawa-hawa. 'Yan kaɗan na farko masu rahusa ne. Idan suka ƙare sai a koma hawa na gaba. Haka abin ke ta tashi har ranar tafiya. Mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya biya kusan rabin abin da ɗan'uwansa ya biya.

Ka riƙe wannan da kyau, don yana ba mutane mamaki. Sau da yawa za ka nemi farashin mutum 30, a ba ka kuɗin da ya fi wanda kake gani a wayarka na mutum ɗaya. Kada ranka ya ɓaci ka ce an cuce ka. Kujerun rahusa a wannan jirgin ƙila biyar ne kawai. Kai kuma talatin kake nema. Sun haɗa maka na ƙasa da na tsakiya ne suka raba daidai. Abin da za ka auna shi ne nawa mutum 30 ɗin za su biya jimla idan kowa ya sayi nasa da kansa.

Daga nan za ka gane cewa lokaci shi ne rabin ciniki. Idan ka je neman ragi a kan jirgin jajiberin Sallah, ko na ƙarshen Disamba, ko na Umarar goman ƙarshe na azumi, za a saurare ka da ladabi, a ba ka ruwan sanyi, ka fito hannu rabbana. Kujerun nan ko ba ka zo ba sayuwa za su yi. Amma idan ka ce jama'arka za su iya tafiya tsakiyar mako, ko a watannin da hanya ta yi sanyi, nan ne za ka ga an gyara zama. Mai niyyar Umara da ba dole sai azumi ba, ka ba shi shawara ya duba sauran watanni. Ɗan kasuwar da zai iya tashi Talata maimakon Juma'a, ka rubuta sunansa daban. Waɗannan su ne ƙarfinka.

Yanzu ga maganar da ta sa na kira ka. Duk wanda ya biya kuɗin tafiyar da ba a yi ba tukuna, bashi ya ba kamfani. Haka abin yake, ko da an yi masa ado da wani suna. Kuɗinka yana hannunsu, suna sayen mai da shi, suna biyan albashi. Kai kuma abin da ke hannunka alkawari ne. To, mai ba da bashi ba ya fara tambayar ribar da zai samu. Yana fara tambaya ne ko kuɗinsa zai dawo.

Ni da na ga jiya na ga yau, zan iya lissafa maka jiragen da muka hau da yanzu sai labari, da waɗanda suka shiga matsala. Nigeria Airways, jirgin ƙasa guda, ya daina tashi a 2003. Kabo Air na Kano, wanda ya kai iyayenmu da yawa aikin Hajji, ya zama tarihi. Haka Chanchangi na Kaduna. Air Nigeria ya rufe a watan Satumba na 2012. Arik, da yake shi ne mafi girma a lokacinsa, hukumar AMCON ta karɓe shi a watan Fabrairu na 2017 saboda nauyin bashi. A watan Afrilu na 2024 aka dakatar da Dana Air bayan jirginsa ya zame daga titin sauka a Legas. Ban kawo waɗannan don in ci mutuncin kowa ba. Cikinsu akwai mutanen kirki da suka yi wa ƙasa hidima. Sana'ar ce mai wuya. Da dala ake sayen kayan gyara, da dala ake biyan hayar jirgi da inshora, alhali da naira ake sayar da tikiti. Kamfani yana iya zama lafiya lau da rani, damina ta same shi a kwance.

Wani lokacin ma laifin ba na kowa ba ne. Ka tuna 2020. A ƙarshen watan Fabrairu Saudiyya ta dakatar da Umara saboda annobar korona. Hajjin shekarar da na 2021, mazauna ƙasar kawai aka bari suka yi. A nan gida jirage suka yi watanni a ajiye. Mutane da yawa a duniya da suka riga suka biya, takardar alkawarin wata tafiya aka ba su maimakon kuɗi. Wanda ya ba da kafin alƙalami kawai ya yi barcinsa. Wanda ya zuba duka ya daɗe yana zarya. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, in ji magabata.

Kada ka ɗauka ina hana ka ne. Biya da wuri yana da nasa alherin, musamman a ƙasar da kuɗinta ke narkewa. A watan Fabrairu na 2022, da man jirgi ya yi tashin gwauron zabi, kamfanonin cikin gida suka mayar da mafi ƙarancin tikiti naira 50,000. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kafin shekara ta zagayo dala ta ninka fiye da sau biyu. Dubi kujerar Hajji. A 2023 ta tsaya kimanin naira miliyan 2.9. A watan Maris na 2024 aka nemi maniyyatan da suka riga suka biya su ciko kimanin miliyan 1.9. A 2025 kujerar mutanen Arewa ta haura miliyan 8. A irin wannan yanayi, wanda ya ƙulle farashi tun da wuri ya ci riba. Amma ka lura da abin da na ce, wanda ya ƙulle farashi. Maniyyatan 2024 sun biya da wuri, duk da haka ciko ya same su, saboda kuɗin hidimar da dala da riyal ake lissafa shi.

Don haka tambaya ta farko da za ka yi a ofis ita ce: me kuke sayar mini? Kujeru ne ƙidayayyu, ko kuwa ajiyar kuɗi ce da za a riƙa cira?

Bari mu yi lissafi, na misali kawai. Mu ƙaddara tikiti naira 100,000 ne, kana son guda 40. Miliyan 4 ke nan. Aka yi maka ragin kashi 10 cikin 100, ka biya miliyan 3.6. Idan takarda ta ce kujera 40 ka saya a cikin shekara, to ko tikiti ya koma 150,000, kujerunka 40 suna nan. Amma idan takarda ta ce kana da ajiyar miliyan 4 da za a riƙa cira bisa farashin ranar tafiya, to da tikiti ya kai 150,000, abin da za ka samu bai kai kujera 27 ba. Ka ga ragin ya zama labari. Kuɗi ɗaya ka biya, ragi ɗaya aka yi maka, layi ɗaya a takarda ne ya raba su.

Sannan ka tambaya, ragin a kan me yake? Kuɗin tikiti gida-gida ne. Akwai ainihin kuɗin kamfani. Akwai kashi 5 cikin 100 na hukumar NCAA mai kula da sufurin sama. Akwai kuɗin da ake biyan masu filin jirgi a kan kowane fasinja. Wasu kamfanoni kuma suna ware kuɗin mai daban. Kamfani ba ya rage abin da ba nasa ba. Idan an ce maka kashi 10, ka ce a rubuta maka nawa ne mutum ɗaya zai biya, komai da komai, a naira. Wannan lambar ita ce za ka kai wa jama'arka.

Kafin ka je, ka yi aikin gida. Ka zauna da 'yan ƙungiya da littafi da biro. Wa ya hau jirgi bara? Sau nawa? Ina ya je, a wane wata, nawa ya biya? Ka haɗa wannan a takarda ɗaya mai tsabta. Kada ka ƙara gishiri. Idan tafiya 40 kuka yi, kada ka ce 100 don a girmama ka. Za a ɗaure ka da 100 ɗin a yarjejeniya, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gara ka yi alkawarin abin da ya gaza ƙarfinku, ku wuce shi, shekara mai zuwa su ne za su neme ka. Ka kuma nemi farashi daga kamfani biyu ko uku, har da masu tashi daga Abuja, ka haɗa da kuɗin mota da wahalar hanya, don ka san inda kake tsaye.

Kada ka tsaya wurin yarinyar da ke sayar da tikiti a kanta kana ja-in-ja. Baiwar Allah ba ta da ikon rage ko sisi. Ka gaishe ta da mutunci, ka roƙe ta ta haɗa ka da manajan tashar, ko sashen da ke kula da cinikin rukuni da na kamfanoni. Ka rubuta wasiƙa a takardar ƙungiya mai ɗauke da sunanta. Ka je da dattijo ɗaya daga cikinku. Zuwa da babba yana sa a saurare ka, yana kuma zama shaida.

Idan an zauna, kada ka fara da kukan tsada. Kowa kukan da yake yi musu ke nan. Ka miƙa takardarka, ka ce, "Ranka ya daɗe, ga tafiyar da muka yi bara. Muna so bana mu tattara ta wuri ɗaya. Rabin mutanenmu za su iya tashi ranar da kuka fi buƙatar fasinja. Me za ku iya yi mana?" Sai ka yi shiru. Shirun nan yana da amfani, kada ka cika shi da surutu. Zai duba kwamfutarsa, ya faɗi wani abu. Ko ya yi maka daɗi, kada ka nuna. Ka ce, "Mun gode. Idan ragin ba zai wuce haka ba, to a duba mana wasu abubuwan." A nan ne ainihin cinikin yake farawa, don manaja yakan fi samun sauƙin ba ka sharaɗi mai taushi a kan ya taɓa farashi.

Abu na farko, canjin suna. Tikitin jirgi da sunan mutum yake fita, ba a ba wani. Amma a cinikin rukuni ana iya riƙe maka kujeru ba suna, ka kawo sunayen daga baya. Ka tambayi ranar ƙarshe ta kawo suna. Ka tambaya idan wani ya fasa, za a iya sa wani a madadinsa, kuma nawa ne. A cikin mutum 30, ɗana, sai an samu wanda aka yi wa rasuwa, da wadda ta haihu, da wanda bizarsa ba ta fito ba. Rayuwa ce. Kuma sunan nan, a rubuta shi harafi da harafi yadda yake a fasfo ko katin shaida. Muhammad da Mohammed a wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin kwamfuta mutum biyu.

Na biyu, canjin rana ba tare da tara ba, ko da sau ɗaya ne ga kowane tikiti. Na uku, wa'adi. Wata nawa kujerun za su yi kafin su mutu? Akwai ranakun da aka ce ba za ku hau ba? Idan an toshe muku duk lokacin Sallah da ƙarshen shekara, ku sani tun yanzu. Na huɗu, kaya. Ga ɗan kasuwar da ke dawowa daga Legas da jakunkuna, ƙarin kilo 10 kyauta yana iya fin ragin kuɗi amfani. Wannan ita ce gyararka, kada ka ji kunyar nemanta.

Na biyar shi ne uwa uba. Kada ka biya duka a tashi ɗaya. Ka ba da kafin alƙalami, sauran a biya kashi-kashi, ko duk wata uku, ko duk lokacin da aka fitar da tikiti. Idan sun ce ragin zai ragu in ba a biya duka ba, ka yarda ya ragu. Ragin kashi 6 da kuɗinku a hannunku ya fi na kashi 12 da kuɗinku a hannun wani. A kuma rubuta ƙarara: idan kamfani ya daina zuwa Minna, ko ya rage ranakun tashi, ko aka dakatar da shi, za a mayar muku da ragowar kuɗinku, kuɗi tsaba, cikin kwana kaza. Sabuwar hanya takan ɗauki lokaci kafin ta zauna da gindinta. Mai hankali yana yi mata fatan alheri, yana kuma shirya wa akasin haka.

Duk abin da aka faɗa da baki, a mayar da shi takarda. Manajan da ya yi maka murmushi yau, gobe ana iya yi masa canjin wurin aiki, wanda zai gaje shi kuma takarda kawai ya sani. Addininmu ma abin da ya koya mana ke nan. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Malamai kuma da suke karantar da cinikin salam, wato a biya yanzu a karɓi kaya daga baya, sun shardanta a san adadin abin, a san siffarsa, a san lokacinsa. Ka ga tun tuni an toshe ƙofar cinikin biri a sama. Ka ba lauya 'yan kuɗi ya karanta muku takardar. Kuɗin kuma a tura shi ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan kamfani. Ko da wasa kada ka tura asusun wani ma'aikaci, komai kirkinsa. Ka karɓi rasit, ka adana.

Game da Umara, da wuya ka yi hulɗa da kamfanin jirgi kai tsaye, don akwai biza da masauki. Ta hannun ejan za ka bi, masu jirgin yawo. Cikinsu akwai masu amana sosai, kuma da yake suna sayen kujeru da yawa duk shekara, sukan samo farashin da kai ba za ka samu ba. Ka dai tabbatar yana da lasisin NAHCON mai rai. Ka ga ofishinsa da idonka. Ka tambayi waɗanda suka bi shi bara. Idan ya ce ya kama muku kujeru, ya ba ka lambar rajistar, ka duba ta a wurin kamfanin jirgin da kanka. Kama kujera daban, fitar da tikiti daban. Kujerar da aka kama ba a biya ba, kwamfuta tana sakinta idan wa'adi ya cika.

Na san wani bawan Allah, maƙwabcinmu a da, mutumin kirki, da ya tara kuɗin mutum goma sha wani abu ya ba wani ejan, saboda farashinsa ya fi na kowa sauƙi nesa ba kusa ba. Ya nuna musu takardar kama kujera, kowa ya ɗinka jaka, aka yi sallama da dangi. Ana saura kwana uku tafiya waya ta daina shiga. Bai ci ko kwabo ba, amma shi jama'a suka sani. Sai da ya sayar da filinsa ya biya su. Ya riƙe mutuncinsa, Allah ya saka masa. Amma da ya tambayi dalilin arahar nan tun farko, da filin yana nan. Ruwa ba ya tsami banza. Kamfani mai lafiya ba ya zubar da farashi ƙasa warwas don ya karɓi kuɗin shekara guda a yau. Idan ka ga ana roƙonka ka biya da sauri, kai kuma ka ƙara jan ƙafa.

Haka kuma kada ka matse su har ciniki ya zama cuta. A 1981 kamfanin American Airlines na Amurka ya fito da wani tikiti na dala 250,000, wanda mai shi zai riƙa hawa babbar kujera iya ransa, duk inda yake so. Wasu suka saya suka riƙa tafiya ba ƙaƙƙautawa, har kamfanin ya ga asara yake tafkawa. Daga baya ya soke na wasu, aka ƙare a kotu. Yarjejeniyar da ɓangare ɗaya ke kuka da ita ba ta tsufa. Kana so jirgin nan ya ci gaba da sauka a garinmu. Ka bar musu abin da za su sayi mai.

Idan an saɓa muku, ka fara da kamfanin, a rubuce, cikin ladabi. Idan ba a ji ba, NCAA tana da sashen kare haƙƙin fasinja, kuma ƙa'idarta ta tanadi a mayar wa mutum kuɗinsa idan kamfani ya soke tashi. Sai dai su ma takarda za su tambaye ka. Wanda ya adana rasit da yarjejeniya, maganarsa gajeriya ce.

Saura abin da ya shafe ka kai kanka. Wataƙila a ce maka, tunda kai ka kawo ciniki, ga tikiti ɗaya kyauta, ko ga ɗan hasafi. Ana yin haka, kuma ba lallai da mugun nufi ba. Amma saboda kuɗin jama'a aka ba ka. Ka kai shi gaban ƙungiya ka ce ga abin da aka bayar. Idan suka ce ka riƙe, ya zama halal ɗinka, ka ci da daɗi. Idan ka ɓoye, ranar da ya fito, kuma zai fito, ko ragin gaskiya da ka samo musu sai an yi shakkarsa. Ka nemi a haɗa ka da mutum biyu a kan asusun, kada kuɗi ya fita sai da sa hannunku duka. Ba don ana zarginka ba. Garkuwarka ce.

Tsakaninku ma a yi ƙa'ida tun kafin kowa ya ba da kuɗi. Wanda ya fasa tafiya, me zai samu? Wanda ya makara jirgi ya tashi, wa zai ɗauki asarar? A faɗa a gaban kowa, a rubuta, lokacin da fuskoki suke a sake. Maganar da aka yi kafin ɓacin rai ita ce ke raba gardama. Na ga zumuncin shekara da shekaru ya yi rauni a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, don kawai an ji nauyin faɗar ƙa'ida da farko.

Shawarata, ka fara da kaɗan. Ku gwada na wata uku, kujera goma ko sha biyar. Ku ga yadda suke cika alkawari, su ma su ga yadda kuke cika naku. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Idan ya yi kyau, ku ƙara. Idan kuma ka zauna ka yi lissafi ka ga ragin bai kai haɗarin ba, ka koma ka gaya wa jama'arka gaskiya, kowa ya riƙa sayen tikitinsa da wuri, mako uku ko huɗu kafin tafiya. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. Ba abin kunya ba ne ka je ciniki ka dawo da kuɗinka. Ka yi wa manajan godiya, ku rabu da fara'a, don wata rana za ka sake buƙatarsa.

Allah ya ba ka ikon riƙe amanar da aka ɗora maka. Ya kai matafiyanku lafiya, ya dawo da su lafiya, ya sa albarka a kasuwarku. Idan sun ba ka takardar, kada ka sa hannu a ranar. Ka kawo ta gida mu karanta tare. Ka gaida mahaifiyarka.